Lens Biyu da Raken Alhaji Ɗanbaba

Kwanakin baya wani saurayi ya shigo shagona da waya a hannu, ya zauna a bencin masu jiran fasfo, ya ce yana so in koya masa hoto. Na ce madalla. Na tambaye shi tsawon wane lokaci yake ganin zai iya zama da ni. Ya ce shi mako biyu ma ya ishe shi, tunda dama ya iya ɗauka, abin da ya rage kawai a nuna masa inda ake dannawa a babbar kyamara. Na ɗauko kyamarar na nuna masa. Na ce, “Ga shi nan, wannan baƙin maɓallin. Ka sauke karatu, Allah ya ba da sa'a.” Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Saboda irinsa nake son in ba da wannan labari. Sunana Haladu, amma a Daura in ba ka ce Haladu Mai Hoto ba, babu wanda zai nuna maka shagona. Gemuna ya yi fari a bayan kyamara, kuma har yau ban ce na gama koyo ba.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shara ne. Maigidana wani Bayarabe ne, Baba Rasaki, wanda ya zauna a garin nan har Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Na daɗe a wurinsa ban taɓa kyamara ba. In share shago, in ɗebo ruwan wankin hoto, in shanya hotuna a igiya kamar kayan jarirai, in riƙe labulen baya mai zanen bene da jirgin sama kada iska ta kaɗa shi. Ɗakin duhun da muke wanke hoto kuwa, in ka shiga da rana za ka fito kamar an tsamo ka daga rijiya. Da hoto mai kala ya zo, sai ya zama dole a kai fim Kano. Ka shiga mota da fim cike da jaka, ba ka san abin da ka ɗauka ba sai an wanke. In ka tarar ango ya rufe ido, to ya rufe ke nan har abada, domin biki ya watse, an cinye shinkafa, baƙi sun koma garinsu.

Baba Rasaki yana da wata ɗabi'a. In na kawo masa hoton da na ɗauka ina murna, sai ya sa tafin hannunsa ya rufe tsakiyar hoton, ya tsaya yana duba gefe-gefe. Ya ce, “Tsakiya kowa ya iya, Haladu. Nuna mini gefe.” A lokacin ina ganin neman laifi ne kawai irin na manya.

Shekarar da ta fi ba mu wahala ita ce shekarar da waya mai kyamara ta cika gari. A da, ranar Sallah layin samari da 'yan mata daga ƙofar shagona yake kaiwa har bakin titi, ba na samun damar cin abinci sai bayan la'asar. A wannan shekarar na share ƙofa, na yayyafa ruwa, na sa sabon labule mai zanen lambu, na zauna. Mutum ɗaya ne ya shigo, shi ma cewa ya yi in taimaka in sa masa wayarsa a caji. Abokan sana'ata wasu suka koma acaɓa, wani ya buɗe wurin sayar da shayi. Abin da ya rage mana shi ne fasfo da hoton taro: ƙungiyoyi, saukar karatu, 'yan makaranta, walimar ma'aikacin da ya yi ritaya. Wayoyin lokacin in aka buga hotonsu babba, fuskokin mutane kunu suke komawa, shi ya sa aka bar mana wannan. Da hoton taro nake ciyar da gidana, don haka ba abin wasa ba ne a wurina.

Ana cikin haka dillalan dabbobi na kara, wato kasuwar shanu, suka gina wa ƙungiyarsu ofis, suka ce suna son hotonsu gaba ɗaya, babba, a saka a firam a rataye. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin wanda ya ɗauki hoton dillalai shi zai ɗauki bikin 'ya'yansu da sunan jikokinsu. Mutum ya kai hamsin ko ya fi. Suka dage sai a gaban sabon ofis za a ɗauka, ga shi kuwa tsakanin ofis ɗin da shingen shanu wurin bai fi faɗin tsakar gida ba. In na ja da baya, sai dai in shiga cikin shanu.

A nan ne ake buƙatar lens mai faɗi. Lens shi ne gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, shi ne idonta. Akwai mai jawo abu na nesa, akwai kuma mai faɗi, wanda yake kwaso wuri mai yawa ko da kana tsaye kusa. Ina da wani tsoho irin wannan, wanda ya taɓa faɗowa daga babur a hanyar Dutsi. Na ɗauke shi a lokacin na busa, na goge da gefen riga, na ga bai fashe ba, na ci gaba da aiki da shi a ƙananan hotuna, ba wanda ya taɓa kuka. Shi na ɗaura.

A hoton taro kowa tsakiya yake so. Na sha fama kafin na jera su: manya a kujera, wasu a tsaye, matasa a tsugune. Ina shirin dannawa sai ga Alhaji Ɗanbaba, ma'ajin ƙungiya, ya iso a makare cikin sabuwar babbar riga fara mai sitati, tana ƙara kamar takarda. Mutum ne mai jiki, Allah ya hore masa. Aka ce ya zagaya baya, ya ce shi bai ɗinka wannan riga don a ga wuyanta kaɗai ba. Ya tsaya a can ƙarshen hagu, ya baza hannun riga, ya ɗaga haɓa. Na danna. Na duba a ɗan gilashin bayan kyamara, komai lafiya. A wannan ɗan gilashin komai lafiya yake fitowa, ku riƙe wannan.

Aka buga hoto a Kano, aka sa a firam, na kawo shi a lulluɓe da zane. Ranar taronsu shugaban ƙungiya, Alhaji Mamman, ya yaye zanen da hannunsa. A tsakiya kana iya ƙirga gashin gemunsa. Aka yi ta masha Allah. Sai idanu suka fara tafiya hagu, masha Allah ɗin tana raguwa, har aka kai ƙarshe.

Alhaji Ɗanbaba ya fito da faɗin rumbu. Kansa ya ja gefe guda kamar kabewar da ta girma a jikin danga. Fuskar kuwa dishi-dishi, kamar kana hango mutum ta cikin tururin tukunya. Wani daga baya ya ce, “Wai Alhaji ne wannan, ko buhun dusa aka jingine?” Wurin ya fashe da dariya, har masu shanu na waje suna leƙowa.

Alhaji ya matso ya tsaya gaban hoton ya daɗe. Sannan ya juyo ya ce, “Haladu, me na taɓa yi maka?”

Na ce, “Wallahi Alhaji ba komai, lens ne.”

“Lens ɗin ya san ni ne? Me ya sa bai yi wa Mamman haka ba? Mutum hamsin, ni kaɗai ya gani?”

Na fara bayanin tsakiya da gefe, ya ɗaga hannu. Ya ce shi ba zai yarda a rataye wannan abu ba, jikokinsa su zo su ce kakansu aljani ne. Ya ce akwai masu hoto a Katsina, da mota suke zuwa, gobe zai kira ɗaya, kuma duk wani biki na 'yan ƙungiya daga yau shi za a riƙa ba wa. Alhaji Mamman, Allah ya saka masa, ya ce a yi haƙuri, Haladu namu ne, a ba shi zuwa taro na gaba ya sake. In ya sake ɓatawa, shi ke nan.

Ina da ɗan bijimi da nake turkawa a gida. Na kai shi kara na sayar, a hannun mutanen da suka gama yi mini dariya. Kuɗinsa lens ɗaya zai saya, na hannu ma, ba sabo ba. In na sayi marar kyau, ba bijimi, ba aiki. Na kira wani ɗan Kano mai suna Nazifi, wanda yake yawo da kayan kyamara yana kai wa masu hoto har Mai'adua da tsallaken iyaka. Na ce ya zo mini da lens mai faɗi, amma da sharaɗi, sai na gwada.

Ya zo da guda biyu. Ɗaya yana cikin kwalinsa, yana sheƙi kamar yau aka ƙera shi. Ɗayan kuwa duk jikinsa ya goge, robarsa ta saki har an naɗe ta da salatif, kamar an tsinto shi a bola. Abin mamaki, mummunan ya fi tsada. Na tambayi Nazifi wanne ya fi kaifi. Ya ce, “Baba Haladu, duk biyun wuta ne.” Na ce wanne ya fi. Ya ce, “Wannan wuta, wannan ma wuta. Ai irin waɗannan ba a gwada su, suna ne da su.” Na ce ni ba suna zan rataye a ofishin dillalai ba.

Ga yadda ake gwada lens biyu, ku da kuke ganin dannawa ce sana'ar. Ba ka ɗaukar wannan a nan, ka ɗauki wancan a can. Kyamara ɗaya, wuri ɗaya, haske ɗaya. Ka kafa ta a kan ƙafarta mai uku don kada rawar hannunka ta shiga cikin shari'ar. Ka samu abu shimfiɗaɗɗe mai ƙananan zane, kamar katangar bulo, ka fuskance ta sosai, ba a karkace ba. Kowane lens yana da ƙofar haske a cikinsa, ana buɗe ta ana tsuke ta. Ka ɗauka da ita a buɗe, ka ɗauka da ita a tsuke, domin wani lens ɗin sai an tsuke shi yake hankali. Sannan ka cire, ka ɗaura ɗayan, ka maimaita ba tare da ka motsa kyamarar ba. Daga nan ka buɗe hotunan a kwamfuta, ka zuƙo su, ka duba tsakiya, ka duba kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya. Lens ɗin da ya taɓa faɗuwa yakan yi kyau a dama ya lalace a hagu, kuma mai sayarwa ba zai gaya maka ya faɗi ba, wani lokaci shi ma bai sani ba.

Katangar jan bulo mafi kyau a kusa da kara ita ce ta gidan wani dattijo, Malam Isuhu. Muka je da hantsi. Na kafa kyamara, na ba Nazifi shafukan tsohuwar jarida na ce ya manna a kusurwoyin katangar, domin in na iya karanta rubutun a hoto, to lens ya yi. Abin da ban lura da shi ba shi ne yadda muka fito a idon mutane. Ga baƙo ɗan birni da baƙin tabarau da jaka a kafaɗa yana manna takardu a katangar mutane, yana auna tsayi da hannu. Ga wani a bayan na'ura mai ƙafa uku yana cewa, “Matsa dama. Ƙara sama. Yauwa, nan.”

Ban gama da lens na farko ba Malam Isuhu ya fito yana gyara hula. Ya yi mana sallama cikin ladabi irin wanda bai taɓa yi mini ba. Ya ce, “Haladu, ashe da kai ake aikin? To alhamdu lillahi, na gida ne. Ta nan titin zai bi ke nan?”

Na ce, “Wane titi, Baba?”

Ya matso ya rage murya. “Ba sai ka ɓoye mini ba. In za a rubuta diyya, akwai ɗakin kaji ta ciki, da bulo na yi shi.”

Na rantse masa lens nake gwadawa. Ya gyaɗa kai ya ce, “Na gane, na gane. An hana ku faɗa.” Kafin in rufe baki maƙwabcinsa ya iso yana cewa tasa katangar ta fi wannan tsawo, a zo a gani. Daga cikin gida aka aiko cewa kada a manta da rijiya da bishiyar gwaiba. Wani mai shago a tsallake ya fara rantsuwa cewa shi ba inda zai tashi, kakansa ne ya sari wurin. Wani kuma da gidansa yake can bayan layi ya zo yana tambaya ko ba za a iya ɗan karkato da titin ba. Nazifi ya cire tabarau don a ga shi ba kowa ba ne, aka ce ga shi nan, injiniya ne, dubi idonsa. Mutane suka cika gaban katangar har ba na ganin bulo ko ɗaya. Muka naɗe kayanmu muka gudu, Malam Isuhu yana bin mu yana cewa ɗakin kajin ciki biyu ne.

Da katanga ta gagara, na ce to bari in gwada a kan mutanen da za a ɗauka ɗin. Bayan la'asar dillalai sukan zauna a gindin wata darbejiya a bakin kara. Na roƙe su su jeru mini kamar ranar taro. Suka tashi suna tsokana, kowa yana cewa shi dai kada a sa shi a hagu.

A cikin masu zama a wannan majalisa akwai Malam Sule, ma'aikacin asibiti, ƙanin matar Alhaji Ɗanbaba. Shi ba dillali ba ne, hira ce take kawo shi, da kuma wani aiki da yayarsa Hajiya Rabi ta ɗora masa. Alhaji yana da ciwon suga, likita ya hana shi zaƙi, shi kuwa duk duniya ba abin da yake so kamar rake. A gida Hajiya ta tsare, a kara Malam Sule ya tsare. Alhaji kullum cewa yake yi a bar wahalar da kai, shi rabonsa da rake har ya manta ɗanɗanonsa, ko warinsa ba ya so.

Na ce, “Alhaji, a taimaka a tsaya a gefen nan, tunda a kanka abin ya faru.”

Ya ce, “Ni? In sake tsayawa gaban wannan injin naka? Allah ya kiyaye. Ku dai da ba ku da aikin yi ku tsaya.” Ya kaɗe riga ya yi tafiyarsa can hagu, wajen da aka ajiye wata babbar motar shanu.

Abin da mutane ba su sani ba game da lens mai faɗi shi ne, yana ganin wanda bai kalla ba. Kai kana can gefe, ka ga bakin kyamara ya fuskanci wani wuri, ka ɗauka ka tsira, alhali kana ciki tsundum. Ni kaina a lokacin hankalina yana kan layin mutanen, ban lura da abin da yake bayan layin ba.

Na ɗauka da mai sheƙi, a buɗe da a tsuke. Na ce kada kowa ya motsa. Na cire, na ɗaura mai salatif, na maimaita. Sannan na ɗora kwamfuta a kan benci, Nazifi ya baza rigarsa ya yi mata inuwa, dillalai suka kewaye mu, kai bisa kai.

Muka fara da tsakiya. Duk biyun tar, ba ka iya bambance su. Nazifi ya ce, “Na gaya maka, wuta da wuta.” Raina ya fara karkata ga mai sheƙi, ga kyau ga sauƙi. Muka je dama. Nan ma kusan ɗaya, sai dai a mai salatif zanen hular mutumin ƙarshe ya ɗan fi fitowa. Na zuƙo kusurwar hagu a hoton mai sheƙi. Mutumin ƙarshe a layi ya fara yin hazo-hazo, bayansa kuma ga tayar motar shanu, a gindinta ga wani abu fari a dunƙule.

Wani ya ce, “Tunkiya ce.”

Wani ya ce, “Ina tunkiya a nan, buhu ne.”

Malam Sule ya ce shi jarka yake gani.

Na ce to bari mu tambayi ɗayan. Na buɗe hoton mai salatif, na zuƙo daidai wurin.

Alhaji Ɗanbaba ne a tsugune a gindin taya. Ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya kama rake da hannu biyu kamar mai busa sarewa. Kumatunsa ɗaya ya kumbura, idanunsa a lumshe don daɗi. Kana iya ƙirga gaɓoɓin raken. A gabansa ga tuƙa ta taru, wadda ta nuna ba yanzu aka fara ba. Har ɗigon ruwan da ya gangaro masa a gemu ya fito.

Sai Alhaji Mamman ya ce a hankali, “Kai, wannan lens ɗin yana da kaifi.” Shi ke nan wuri ya rushe. Wani dattijo dariya ta kai shi ƙasa sai da aka ɗaga shi. Nazifi ya saki rigar inuwa ya riƙe ciki.

Ana haka sai ga Alhaji ya dawo yana goge baki da bayan hannu, yana tafiya irin ta mutumin da ya je duba lafiyar taya. Ya ce, “Me aka samu? Wa injin ya ɓata kuma?” Aka buɗa masa hanya. Ya sunkuya ya duba. Ya daɗe a sunkuye. Ya ɗago ya ce, “Nuna mini ɗayan.” Na nuna masa dunƙulen fari.

Ya miƙe ya gyara riga. Ya ce, “Haladu, in shawara kake nema, wannan na farkon za ka saya.”

Na ce, “Alhaji, ai gefensa ba ya fita.”

“Wa ya ce ba ya fita? Ya fita daidai gwargwado. Dubi yadda ya fito da mutane cikin mutunci. Shi hoto ba tonon asiri ba ne. Kuma ga shi sabo, ga kwali. Wancan kuwa dubi jikinsa, ko kyauta aka ba ka ai ka ji kunyar fito da shi gaban mutane.”

Na ce, “Irin wannan ne fa ya ɓata ka a wancan hoton.”

Ya ce, “Wa ya ce an ɓata ni? Na sake duba hoton nan daga baya, ba shi da wani laifi. Haske ne ya yi yawa a ofis ɗin.”

Malam Sule ya sa na dawo da hoton mai salatif, ya nuna ya ce, “Alhaji, mene ne wannan a hannunka?”

“Kara ne. Karan dawa. Sakace nake yi.”

“Da hannu biyu?”

“To rake ne, sai me? Mai shi ne ya ce in ɗanɗana masa ko ya yi tsami. Taimako na yi. Ban haɗiye ba.”

“Idon fa da ka rufe?”

Alhaji ya ce, “Addu'a nake yi, Sule. Ko ita ma likita ya hana?”

Daga nan ya ja ni gefe ya ce in goge hoton, yanzu, a gabansa. Na goge, domin a sana'ar nan ba a riƙe hoton mutum in ba ya so, wannan ma yana cikin abin da ake koya. Ya sa na buɗe masa ko'ina ya tabbatar babu. Ya yi ajiyar zuciya, ya dafa kafaɗata ya ce ashe ni mutumin kirki ne. Abin da ni da shi ba mu sani ba, tun ana dariyar farko Malam Sule ya zaro wayarsa ya ɗauki fuskar kwamfutar. Kafin Alhaji ya isa gida, hoto ya riga shi. Abin da aka yi a gidan ban sani ba, ba ni nan. Na dai san washegari da safe an aiko mini da kwanon waina daga Hajiya Rabi, da saƙon cewa Allah ya ƙara wa sana'a albarka.

Mai salatif na saya. Da Nazifi ya ga yadda abin ya kasance, sai ya tuna cewa shi dama tun farko ya san wannan ya fi, kuma farashin da ya faɗa da safe kuskure ne, akwai ƙari. Ya manta a inda yake tsaye. Dillalan kara gaba ɗaya suka taso masa, mutanen da suke raba mai sa da sansa yana godiya. Wannan ya kama hannunsa, wancan ya ce a duba salatif, wani ya ce albarka ake nema ba yawa ba. Kafin a kira magariba ya sallama a ƙasa da farashin safe, yana ta godiya, bai san dalili ba.

Ranar sake hoto ban dogara da lens kaɗai ba. Kaifi daban, faɗaɗa mutum daban. Duk lens mai faɗi, komai tsadarsa, yana jan wanda yake can ƙarshe ya ƙara masa jiki, wannan halinsa ne. Maganinsa a ƙafarka yake da bakinka. Na roƙi masu shanu suka matsar da shinge na samu wurin ja da baya. Na jera mutane a ɗan lanƙwashe, na bar fili a dama da hagu don kada kowa ya kai bakin hoto. Sirara na kai gefe, domin su ƙarin jiki alheri ne a gare su, masu jiki na tara su a tsakiya, na ce musu tsari ne na girmamawa. Alhaji Ɗanbaba ya zo tun kafin kowa, ya zauna kusa da shugaba. Hoto ya fito garau daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Yana nan a rataye a ofishinsu, kuma bikin 'ya'yansu ni nake ɗauka har yau. Malam Isuhu kuwa ya daɗe in mun haɗu sai ya tambaye ni ko an sa ranar fara aikin titin.

Alhaji yana nan da ransa da lafiyarsa, ya ma rage jiki, Malam Sule ya ce sugan ya sauka. Sai dai tun daga ranar, duk taron da ya gan ni na kafa kyamara, in ba hoton da dole sai da shi ba ne, ba ya zama a dama, ba ya zama a hagu. Tashi yake yi ya ɗauki kujerarsa ya zagayo ya ajiye ta daidai bayana. A wani ɗaurin aure wani baƙo ya tambaye shi me ya sa babban mutum kamarsa ya bar rumfa ya zo ya zauna cikin rana.

Alhaji ya nuna ni da haɓa ya ce, “Ɗana, kai baƙo ne. Duk faɗin Daura, bayan Haladu ne kaɗai wurin da mutum zai zauna da asirinsa a rufe.”